Ƙanwarka Ba Ta Haukace Ba: Amsa Ga Wani Ɗan'uwa a Gadarif

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya daga Gadarif a Sudan. Ƙanwarsa ta gudo daga Wad Madani da 'ya'yanta biyu a watan Disamba na 2023, lokacin da 'yan Da'ama, wato dakarun RSF, suka shiga garin, kuma tun daga nan a gidansa take. Barci ya ƙaurace mata. Babur in ya wuce da ƙarfi sai ta zabura, ta rarumi yara ta yi ɗaki. Wani lokaci ana cikin hira sai ta yi tsit, ido a buɗe, a kira sunanta sau uku ba ta ji ba. An kai ta wajen malamai biyu, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Kawunsu ya ce a zaunar da ita ta amayar da duk abin da ta gani a hanya ta huta. Innarsu ta ce a bar tone-tone, haƙuri shi ne magani. Mijinta ya koma Madani ya gyara gida, yana son ta biyo shi, ita kuwa da an ambaci komawa sai jikinta ya ɗauki ɓari. Wata ma'aikaciyar agaji ta gaya musu akwai jinya mai la'akari da raunin firgici. Yana son ya san mece ce wannan jinyar, kuma maganar wa zai bi, ta kawu ko ta inna.

Malam, sannu da ɗawainiya. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci. Ka riƙe ƙanwa da 'ya'yanta a wannan tsadar rayuwa, sannan ka damu da abin da ke cikin ranta har ka zauna ka rubuto, ba kowane yaya ke yin haka ba.

Kawu da inna duk alheri suke nufinta da shi, amma akwai abu guda da suka haɗu a kai ba tare da sun lura ba: kowannensu ya yanke mata hukunci bai tambaye ta ba. Ɗaya ya ce dole ta yi magana, ɗaya ta ce dole ta yi shiru. Ita kuwa wannan "dole" ita ce ainihin ciwonta. A ranar da aka shiga garinsu, an ƙwace mata ikon cewa e ko a'a a kan gidanta, da 'ya'yanta, da jikinta, da hanyar da za ta bi. Jinyar da aka ba ka labari, in aka tattara ta wuri guda, ƙoƙari ne na mayar wa mutum wannan ikon kaɗan-kaɗan, tare da kiyaye kada a fama masa ciwo da sunan magani. Masu wannan aiki suna sauya tambayar da aka saba yi. Maimakon "me ke damunki ne haka?", abin da ke ransu shi ne "me ya same ki?", kuma ko wannan ɗin ba sa matsa wa mutum ya amsa sai ya shirya.

Bari in fara da jiki, domin a nan dangi suka fi ruɗewa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira amigdala, ba ta fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Aikinta gadi. Da ta hango haɗari sai ta buga kuwwa tun kafin tunani ya iso, jiki ya saki sinadaran tashin hankali, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, ciki ya ƙulle, mutum ya yi faɗa, ko ya gudu, ko ya sandare wuri guda. Wannan rahama ce, ita ta fito da ƙanwarka daga Madani da rai. Kusa da mai gadin nan kuma akwai wani sashe mai aikin magatakarda, wanda ke rubuta wa kowane abu da ya faru rana da wuri, ya ajiye shi cikin abin da ya wuce. Idan firgici ya kai maƙura, magatakardan kan kasa aikinsa yadda ya kamata. Sai abin ya zauna a guntu-guntu, babu kwanan wata a jikinsa: ƙarar babur, warin fetur, bugun ƙofa, wata kalma da aka daka mata a shingen hanya. Shi ya sa in babur ya wuce a Gadarif, a wajen jikinta yau ce ranar Madani. Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Shirun nan da take yi ido a buɗe, wanda na san shi ya fi sa ku tunanin iska, mun san shi sosai a wurin aiki. Idan abu ya fi ƙarfin zuciya kuma babu hanyar gudu, hankali kan janye kansa, mutum ya ji kamar yana kallon duniya ta bayan labule. Dabara ce da ta taimake ta a lokacin tsanani, yanzu kuma take zuwa ba a gayyace ta ba. Haka ma sandarewa. Mata da maza da yawa suna cin kansu da tambayar "me ya sa ban yi ihu ba, me ya sa ban hana ba?" Jiki ne ya yanke wannan shawara cikin ƙiftawar ido, ba ragwanci ba ne, ba kuma yarda ba ce. Na ga mutanen da jin wannan bayani kaɗai ya sa suka yi kukan da suka shekara ba su yi ba.

Idan irin waɗannan alamomi suka wuce wata guda suna hana mutum rayuwa, wato abin yana dawo masa a farke da cikin mafarki, yana guje wa duk abin da zai tuna masa, kullum a ɗarare kamar mai jiran hari, likitoci na kiransa ciwon bayan firgici, abin da muke ce wa sadma a bakin mutanen nan. Ya shiga littattafan likitocin ƙwaƙwalwa da sunansa a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, amma ciwon ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Wanda ya zauna da ita ido da ido shi zai tabbatar ko shi ne, ko baƙin ciki mai nauyi ne, ko duka biyun, domin sukan zo tare. A kuma duba jininta, a duba maleriya da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na iya kawo faɗuwar gaba da rashin barci.

Ka kuma gaya mata ba ita kaɗai ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike 129 daga ƙasashe 39, ta kiyasta cewa a wuraren da yaƙi ya taɓa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ɗaya cikin sha ɗaya tasa ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Ka ƙirga mutanen layinku. Mu kuma namu ya zo hawa-hawa. Akwai iyalan da suka gudo daga Rusairis da Damazin a rikicin 2022, suka fara tsayawa da ƙafafunsu, yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya sake tarwatsa su, wasu kuma suka ƙara gudu na uku da aka shiga Sinja a tsakiyar 2024. Bincike ya nuna cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani, gwargwadon yadda ciwon ke samun wurin zama. Mu jikokin masu hijira ne, tun waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, kuma mun gaji dauriya mai ban mamaki. Tare da ita muka gaji cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan magana ta rufa asirai da yawa, amma ta binne mutane da yawa da ransu.

Yanzu maganar kawu. Ina jin nauyinta domin na taɓa yin irinta. Farkon fara aikina, wani direban babbar mota ya zo wurina, matarsa ce ta lallaɓo shi. Ina ganin taimako nake yi, na yi ta jan sa da tambaya: sai me ya faru, su nawa ne, kai kana ina. Ya faɗi komai cikin sa'a guda, gumi na zuba, yana murza hularsa a hannu kamar zai yaga ta. Ya tashi ya yi godiya. Bai sake dawowa ba. Daga baya matar ta gaya mini kwana uku bai runtsa ba. Har yau in na tuna da shi sai na yi masa addu'a, kuma shi ya koya mini abin da takarda ba ta koya mini ba. Na buɗe gyambo ban tanadi abin ɗaure shi ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da tsarin nan na zaunar da mutum sau ɗaya a sa shi ya zazzage duk abin da ya gani, domin bincike bai nuna yana hana ciwon ba, wasu ma yakan ƙara musu.

Amma kada inna ta ce ta yi nasara. Shiru na har abada shi ma yana ciyar da ciwon. Duk ranar da ƙanwarka ta guje wa wani abu ta ji sauƙi, mai gadin nan sai ya ƙara gaskata cewa abin haɗari ne, duniyarta ta ƙara ƙuntata: yau ta bar zuwa kasuwa, gobe ta bar zama a tsakar gida. Magana tana da rana. Abin da ake kiyayewa shi ne tsari. Wata likita a Amurka, Judith Herman, ta shimfiɗa shi a 1992 a matakai uku: aminci tukuna, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin jama'a. Mai ɗori ma haka yake yi, ba ya cewa mai karaya ya taka sai ƙashi ya kama.

Ni kuwa a wurin Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, na fi ganin wannan tsari a fili. Wahayi ba musiba ba ne, Allah ya tsare ni da haɗa su. Ladabin tarbar wanda ya shigo a razane nake nufi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, yana cewa a lulluɓe shi. Ba ta tsare shi da tambaya a bakin ƙofa ba. An lulluɓe shi har tsoron ya tafi, sannan shi da kansa ya ba ta labari. Da ya ce ya ji wa kansa tsoro, ba ta ce masa ai bai kamata ba. Ta tuna masa ko shi wane ne: mai sada zumunci, mai ɗaukar nauyin gajiyayye, mai karrama baƙo. Bayan haka ta kai shi wurin masani, Waraƙa ɗan Naufal. Mayafi, sauraro, ƙarfafa zuciya, sannan masani. Duk wanda ya ce maka firgita alamar raunin imani ce, ka tuna masa wannan, ka tuna masa Annabi Yaƙub wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, alhali shi ne mai kyakkyawan haƙuri.

To, mene ne mayafin ƙanwarka a gidanka? Ƙananan abubuwa ne, kuma ku za ku yi su, ba likita ba. Wata baiwar Allah da na yi aiki da ita a wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, ranar farko ta ƙi shiga ajin, ta toge a bakin ƙofa da goyo. Na ce mata, "Yaya, ina kike son mu zauna?" Ta dube ni jim, kamar an daɗe ba a yi mata irin wannan tambayar ba. Ta ja tabarma ta shimfiɗa inda bayanta ke jikin bango, idonta na kan ƙofa. Zama uku muka yi ba mu taɓa maganar yaƙi ba, sai tarin yaronta da tsadar gawayi. A na huɗu, tana juya ƙaramin kofin jabana, wato gahawa, a hannu, ta ce, "Ƙofar ƙarfe suka buga." Ashe duk lokacin da yara suka bubbuga ƙyauren makarantar, ita a gidanta na da take. Muka roƙi masu shigowa su riƙa sallama da baki. A makon nan ta fara samun barci.

Haka za ka yi. Ka tambaye ta ina take son shimfiɗarta, ko tana son a bar fitila, wa take son ya raka ta asibiti. Kada a taɓa ta ta baya, kada a tashe ta da girgiza. In za a yi baƙi ko za a tayar da janareto, a gaya mata tukuna. A daina kunna bidiyon yaƙi a waya a gabanta da gaban yaran, wannan kam ina roƙonku. Kada kuma a mayar da ita majinyaciya a ƙwace mata aiki. In ita ke iya tuyar kisra, a bar mata, domin hannu in yana aikin da ya saba, yana gaya wa zuciya cewa rayuwa na nan. Shayi da jabana bayan la'asar a rage. Idan abin ya taso mata, ka rage tsawo, ka kira sunanta a hankali, ka ce, "Nan Gadarif ne, gidana ne, yau Talata, ga yaranki can suna wasa." A ba ta ruwan randa ta riƙe a hannu ta ji sanyinsa, ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta faɗi abubuwa biyar da take gani. Ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, domin dogon fitar numfashi na rage gudun zuciya. Mai carbi na iya haɗa shi da tasbihi.

Akwai abin da ba kai za ta gaya wa ba, kuma kada ka nema. An ci zarafin mata da yawa a wannan yaƙi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da haka. Ban ce ya same ta ba, kuma haramun ne a yi mata zato ko a bar dangi su yi ta raɗa. Abin da ke wuyanka shi ne ka buɗe mata hanya zuwa ga mace ma'aikaciyar lafiya wadda za ta gani ita kaɗai, ba tare da kai ko mijinta a ɗakin ba, kuma in ta fito kada a tambaye ta me aka ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In wata rana ta zaɓi ta faɗa maka wani abu, kalma uku sun isa: na yarda, ba laifinki, ina nan.

Idan ƙafa ta tsaya, sai a zo ga jinyar da ke taɓa tushen ciwon, kuma wannan aikin wanda aka horar ne. Ga biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a jagorarta ta 2013: jinyar gyaran tunani da ɗabi'a mai fuskantar abin da ya faru, da wata da ake kira EMDR, inda mutum ke tuna abin a taƙaice yana bin yatsan mai jinya da ido dama da hagu. Amma wadda na fi so in ba ka labari an gwada ta ne a kan 'yan Sudan. Masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara ta don mutanen da masifa ta same su ba sau ɗaya ba. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum tun daga haihuwa. Ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowace masifa, a bar ragowar igiyar a naɗe, wato kwanakin da ba su zo ba. Sannan a bi ta daki-daki, zama bayan zama, mai jinya na rubutawa, har kowane dutse ya samu ranarsa da wurinsa. Aikin magatakardan nan ne ake ƙarasa masa. A sansanin Imvepi na Yuganda an gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan 43, aka buga sakamakon a 2004. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan jinya, zama huɗu kacal, su ne ke da sauran ciwon, alhali a rukunai biyu da ba a yi wa ita ba kusan kashi 80 ne. Mutanen ba su da yawa, amma an sake gwadawa a wasu ƙasashe an ga amfaninta. Ka ga bambancinta da shawarar kawu: a nan ma ana faɗin komai, amma da yardar mai labarin, da tsari, a hannun wanda ya san yadda zai dawo da ita cikin ɗaki in ta tafi.

Na san ƙwararru sun yi ƙaranci, tun kafin yaƙi ma yawancinsu a Khartum suke. Ka tambaya a babban asibiti da wuraren ƙungiyoyin agaji ko akwai mai ba da tallafin nafsiyya, wato na lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai wani gajeren tsari na zama biyar da ake koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba, yana taimakawa sosai wajen damuwa da warware matsalolin yau da kullum. In kun samu mai jinya, ka lura da abu ɗaya: yana bayyana mata abin da zai yi kafin ya yi? Ta san tana da ikon cewa a tsaya? In babu wannan, ku nemi wani.

Magani na sha yana da wurinsa, musamman in baƙin ciki ya yi nauyi. Irin su fluoxetine da sertraline likita ke rubutawa, sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne diazepam da 'yan'uwansa da ake saya a kemis don barci, da tramadol. Suna kwantar da mutum yau, su kama shi gobe, ciwon kuma yana nan inda yake.

Game da malamai, ba zan ce ka daina ba. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shehunnan masid, wato cibiyoyin karatun addini, bai raina su ba. Karatun Alƙur'ani da addu'a a bakin malami mai taushin hali aminci ne. Iyakar da zan ja ita ce: ban da duka, ban da ɗauri, ban da hayaƙi mai shaƙe numfashi, ban da taron maza a kanta ana daka tsawa. Ka yi tunanin macen da aka tsare da bindiga, sannan a danne ta a ɗaki ana ihu a kunnenta. Kuma duk inda za a kai ta, a tambaye ta tukuna.

Abu ɗaya ba ya jiran kowane tsari. In ta fara cewa gara mutuwa, ko yara za su fi hutawa ba ita, ko ta daina ci, ko tana jin muryoyi, ka tambaye ta kai tsaye cikin taushi ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. A kawar da maganin feshin gona da baƙin rinin da ake haɗawa da lalle daga inda hannu zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Ka sa ido kan yaran ma: fitsarin kwance bayan an daina, manne wa uwa, wasan bindiga ba ƙaƙƙautawa. Su ma sun bi hanyar nan.

Saura komawa Madani. Sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025, mutane da yawa sun koma, kuma mijinta bai yi laifi ba da yake son iyalinsa. Amma kai ne yayanta, kai za ka zauna da surukinka ka fahimtar da shi cewa ƙin da take yi ba ƙinsa ba ne, kuma sa mata rana zai mayar da aikin baya. Ya riƙa kiranta ta bidiyo yana nuna mata gidan, ɗaki ɗaya yau, tsakar gida wani makon, ta ga maƙwabciyar da ta sani, ta ji muryarta. In akwai ƙofar da aka ɓalle, ya canza ta kafin ta gani. Ya kuma bincika gidan da kewayensa saboda harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, don wani ɓangare na tsoronta gaskiya ne, ba ciwo ba. In ta ce za ta gwada, ku tafi tare da rana, ziyara ta kwana ɗaya ko biyu, yara su zauna wurin matarka. Kuɗin motar dawowa kuma ka damƙa mata su a hannunta tun kafin ku bar tasha, ta ƙulle a bakin mayafinta.